Kaset Mai Karyayyen Kunne

Ni ban iya rubutu ba. 'Yata ce take rubuta wannan, ni kuma ina faɗa mata. Ita ta dame ni da tambaya. Aikinta yanzu shi ne ta shirya darasi a kwamfuta, ta tura wa ɗaliban da ba ta taɓa gani ba su karanta a waya, wai tana so ta san yadda mahaifinta ya yi irin wannan aikin kafin a zo da waɗannan abubuwa. Na ce zan faɗa, amma kada ta gyara mini magana, kada kuma ta sassauta ta. Ba na ƙaunar injinan nan, ko guda. A gabana suka riƙa zuwa ɗaya bayan ɗaya, wanda ya zo sai ya kori na gabansa, na ƙarshen kuma shi ya raba ni da muryar mijina.

Malam, Allah ya jiƙansa, ma'aikaci ne a wani ofishi a nan Gumel da ke koyar da manyan da ba su samu zuwa makaranta ba. Ba aji yake shiga ba. Shi ne mai shirya darasin da ake aikawa ƙauyuka, ta wajen Gagarawa da Maigatari da Sule Tankarkar, har rugagen Fulani. A kowane wuri akwai mai ɗan sani da zai tara mutane a zaure ko a gindin bishiya, su bi abin da aka aiko.

Lokacin da aka ba mu jiha, da tafireta suke aiki. Akwai wata mata a ofishin, Kirista, daga can tsakiyar ƙasa aiki ya kawo su ita da mijinta. Madam kowa yake ce mata. Malam ya rubuta da hannu, ita ta buga a kan wata takarda mai santsi kamar kaki, sai a ɗaura takardar a jikin wani inji mai mariƙi, a yi ta juyawa kamar ana murza taliya, takardu suna zubowa. Wannan injin shi na fara tsana. Tawadarsa baƙa ce, mai maiƙo, ba ta jin sabulu. Fararen rigunan Malam duk sai da ta yi musu tabo a hannu da ƙirji. Na wanke da lemon tsami, na jiƙa da toka, na dirza har yatsuna suka tsage, tabon yana nan. Kuma duk wahalar ta tashi a banza. Takardun da aka aika, wasu awaki suka ci, wasu a wajen mai ƙosai aka same su. Wata rana Malam ya dawo daga Gagarawa ya zauna yana dariyar takaici, ya ce, "Kin ga wautarmu? Mutum bai iya karatu ba, mun aika masa takarda ya karanta yadda zai iya karatu."

Sai aka kawo rikoda. Ofishinsu a bakin hanya yake, ƙarar motoci ba ta bari a ɗauki magana, don haka ya zo da ita gida. Daga ranar nan gidana ya zama na rikoda. Da hantsi, idan yara sun tafi makaranta, zai rufe ƙofar ɗaki. Ba daka, ba tankaɗe, ba jan guga. Awaki sai an ɗaure su bayan gida. Zakara sai na kife shi da kwando na jefa masa buhu a kai. Maƙwabciya ta yi sallama, sai in fito da sanɗa in tare ta a tsakar gida kamar akwai mara lafiya a ciki.

Da farko shi kaɗai yake magana. Ya gama ya kunna mini, ya ce, "Yaya kika ji?"

Na ce, "Na ji kamar liman yana huɗuba. Barci ya ɗauke ni tun tsakiya."

"To me ba ki gane ba?"

"Ka ce a tace ruwan rijiya. Da me? Rariyata ta tuwo ce."

Ya kalle ni. Sai ya jawo tabarma kusa da rikodar, ya ce, "Zauna nan. Abin da kika faɗa yanzu, sake faɗa."

Haka aikin ya koma. Shi ya yi bayani, ni in katse shi duk inda na ɓace. Idan na ce, "Malam, ban gane ba," sai ya sake ta wata hanya. Idan har yanzu ban gane ba, sai ya mayar da kaset baya ya goge, mu faro daga farko. Darasi ba ya fita daga gidan nan sai ya shiga kaina. Mun yi na tace ruwa, mun yi na ruwan gishiri da sukari idan yaro yana zawo, mun yi na allurar dabbobi, da na ajiyar iri. Na haruffa ma mun yi, yana kwatanta su da baki, mai kula da taro yana zanawa a ƙasa. Babbar ɗaliba yake ce mini. Na taɓa cewa ya ba ni fensir in koya sosai, ya ce, "Ke kuma! In kika iya, a kan wa zan gwada?" Wasa ya yi, ya ce sai ya yi ritaya ya zaunar da ni. Bai kai ba. Wannan ina riƙe da shi a zuciya har yau, ki rubuta, ko da yake mahaifinki ne.

Mutane kuwa sun karɓi abin. Direbobi ke kai kaset ranar kasuwa, su dawo da na baya. Ranar Alhamis a Maigatari, Malam ya ce har mutanen tsallake, masu ce wa makaranta lakwal, suna tsayawa su saurara, suna tambaya wace ce matar nan mai taurin kai. Na taɓa zuwa suna a Gagarawa, na buɗe baki na ce a miƙo mini buta, wata tsohuwa ta juyo ta dafe ƙirji ta ce, "Wallahi ita ce! Malam-ban-gane-ba ce!" Ranar nan ban ci abinci cikin kwanciyar hankali ba.

Kaset iri biyu ne, wannan sai an fahimce shi. Akwai wanda muka ɗauka da bakinmu, shi Malam yake kira uwa. Daga uwa ake juye 'ya'ya, su ake aikawa ƙauye. Idan 'ya'yan sun dawo sai a goge su a ɗora sabon darasi. Uwa ba ta fita. A akwatin ƙarfe yake tara su ƙarƙashin gadonmu. Duk wadda muka gama, sai ya ɗauki wuƙata ta yankan kuɓewa ya ɓalle wani ɗan ƙaramin kunne da ke gindin kaset ɗin, ya bar rami. Na tambaye shi dalili, ya ce, "Idan aka karya kunnen nan, rikoda ba za ta yarda ta goge shi ba. Ko kin danna, ba zai dannu ba." Ya sa na gwada da yatsana. Bai dannu ba. Na yarda da maganar nan kamar yadda na yarda da duk abin da ya gaya mini.

Bayan wasu shekaru aka turo musu sabon shugaba, saurayi mai gilashi da takalmi mai ƙara, ya zo da kwamfuta. Aka ware mata ɗaki, aka sayo mata janareta, ba a shiga sai an cire takalmi, idan an tashi aiki a lulluɓe ta da mayafi. Tafiretar Madam aka kai ta sito. Sabon shugaban ya ce darasin Malam ya yi tsawo, surutu ya yi yawa a ciki. Daga yanzu a kwamfuta za a tsara kowane darasi, gajere, kai ɗaya, a buga shi a takarda, a kira wani mai zaƙin murya ya karanta a kaset. Ba tambaya, ba katsewa. Malam ya ɗauki rikodar ya ajiye a kan akwati, bai sake ce mini in kife zakara ba. Da safe zai tafi ofis, ya zauna a benci a waje, ya dawo. Na ce, "Malam, ba za ka yi magana ba?" Ya ce, "Na yi. An ce in rubuto."

Da bazara zazzaɓi ya kama shi, bai daɗe yana jinya ba. Ban ce kwamfuta ce ta kashe shi ba, kwana ne ya ƙare. Amma na san mutumin da ya kwanta ba shi ne wanda yake dariya a kan tabarmar nan ba. Bari in share fuskata. Ki ci gaba da rubutu, kada ki kalle ni.

Ina cikin takaba, bayan sadakar arba'in da kaɗan, mota ta tsaya a ƙofar gida. Ƙanen Malam ya shigo ya ce shugaban ofis ne ya zo gaisuwa, yana zaure. Mai takaba ba ta fita wajen baƙon namiji, don haka na tsaya daga bayan katanga, shi yana ciki, ƙanen Malam yana tsakani. Ya yi ta'aziyya yadda ake yi, na amsa. Sai ya gyara murya ya ce akwai kayan ofis a hannun marigayi, rikoda da akwatin kaset.

Na ce wa ƙanen Malam, "Gaya masa rikoda tasu ce, su ɗauka. Akwatin a bar mini."

Shugaban ya ji, bai jira an maimaita ba. Ya ce, "Hajiya, aro kawai za mu yi. Za mu kwashe duk abin da ke ciki mu zuba a kwamfuta. Kaset lalacewa yake yi. Abin da ya shiga kwamfuta kuwa ya zauna har abada."

Na ce, "A bar mini ko guda ɗaya."

Ƙanen Malam ya leƙo ya rage murya ya ce, "Haba Yaya, kayan gwamnati ne fa. So kike a ce ɗan'uwana ya mutu da kayan hukuma a ƙarƙashin gado? Kuma mai takaba me za ta yi da rikoda? Carbi ya kamace ki."

Da ba a takaba nake ba, da na bi akwatin har zauren nan na zauna a kai, in ga wanda zai ɗaga ni. Amma ba na fita, ba na ɗaga murya, mutane cike da gida suna sauraron abin da matar mamaci za ta ce. Shi ma shugaban ya san haka, ɗan Musulmi ne, ba baƙon al'ada ba ne. Na tabbata da gangan ya zaɓi lokacin. Aka jawo akwatin ta gabana. Abin da na riƙa gaya wa kaina shi ne, ai an karya musu kunne, ba abin da zai same su.

Ranar da na fita takaba, na yi wanka na sa sabon zane, ban je gidan kowa ba sai ofishin nan. Aka bar ni a benci, benci ɗin da Malam yake zama. Da shugaban ya fito sai da na gaya masa ko ni wace ce. Ya yi fara'a, ya sa na cire takalmi, ya shigar da ni ɗakin kwamfutar. Madam tana zaune a gabanta, an koya mata bugawa, ta gaishe ni ba ta ɗago kai ba. Ya nuna mini gilashin kwamfutar, ƙananan baƙaƙe jere kamar tururuwa. Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Duk ilimin Malam ga shi nan, an tace, an gyara."

Na ce, "To, kunna in ji."

Ya yi dariya. "Ai ba ta magana. Rubutu ne."

"Ni ban iya karatu ba, ɗana. Muryarsa na zo ji. Ina kaset ɗin?"

Ya kalli Madam, Madam ta kalli ƙasa. Sai ya buɗe durowa ya ɗauko kaset guda, irin 'ya'yan da ake aikawa, ya sa a rikodar da ta yi shekara da shekaru a ɗakina, ya danna. Wani mutum ya fara magana, murya sumul kamar mai karanta labarai, yana cewa a tace ruwa da tsaftataccen ƙyalle. Maganar Malam ce, kalmominsa ne, a bakin wani. Inda nake katsewa in ce ban gane ba, ya wuce bai ko numfasa ba.

Na ce, "Ba wannan ba. Na cikin akwati. Iyayen."

Ya ce sababbin kaset sun yi musu ƙaranci, ga kuma akwati cike da waɗanda an riga an kwashe abin da ke cikinsu. Sun ɗora sabon karatu a kai, sun aika ƙauyuka.

Na ce, "Ƙarya ne. Ba sa goguwa. An karya musu kunne."

Sai ya yi mini bayani, a hankali, kamar yana taimakona. Ya yago 'yar takarda, ya dunƙule, ya nuna mini yadda ake cusa ta a ramin, a manne da salatif. Ya ce, "Shi ke nan, sai ya koma kamar sabo." Yana murmushi, yana jin daɗin dabarar.

Ban san lokacin da na ce masa Allah ya isa ba. A gaban ma'aikatansa na faɗa, na maimaita. Ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, ci gaba ne ya zo." Na ce ci gaban ya bi shi har gida. Na fita ba takalmi, sai da na kai bakin titi na tuna.

Madam ce ta biyo ni da takalman a hannu. Ta riƙe ni, idonta ya yi ja. Ta ce, "Mama, ni na saurare su duka na buga, ina kuka ina bugawa. Na ce kada a goge, ba a ji ni ba. Amma ji nan. Sabon karatun gajere ne, na Malam kuwa har ƙarshen kaset yake kaiwa. Inda sabon ya tsaya, abin da ya rage na baya yana nan, in dai ba a sake bi ta kai ba." Ta gaya mini direban da ya kwashe su da inda ya kai.

Na shiga motar haya, ni da ban taɓa tafiya ba Malam ba. A Gagarawa aka ce nasu ya koma ofis tuni, an sake gogewa. A Maigatari mai kula da taron ya ce tun da aka cire matar nan mai gardama mutane suka daina zuwa, kaset ɗin 'ya'yansa sun juye waƙa a kai daga farko har ƙarshe. Na zauna a tasha na yi kuka a gaban 'yan kamasho, ban ji kunyar kowa ba.

Saura Sule Tankarkar. Daga can ɗan acaɓa ya kai ni wata ruga, cikin rairayi, muna tafiya muna sauka muna turawa. Mazan sun fita da shanu. Na tarar da mata, na yi sallama. Wata dattijuwa tana burga nono, ta tsaya cak, ta ce, "Sake magana." Na sake. Ta ajiye maburgi ta ce da sauran wani abu da Fulatanci, suka taso suka kewaye ni. Ta ce, "Ke ce ta cikin rediyo. Ina mijin naki? Wa ya kawo mana wannan mai magana kamar ana korarsa?" Na gaya musu. Suka yi salati, suka zaunar da ni, suka ba ni fura.

Dattijuwar ta shiga bukka ta fito da rikoda a naɗe cikin zane. Baturan sun yi sanyi, sai da aka shanya su a rana. Ta ciro kaset ɗin, na juya gindinsa, ga ramin, ga takarda a cushe, ga kuma karcen wuƙata a gefe. Ta ce, "Mu ba ma jin na farkon. Can ƙarshe muke turawa." Ta tura, ta danna. Baƙon ya ƙare maganarsa, aka ji ƙas, sai shuuu, sai ga Malam. Tsakiyar magana ce, ƙarshen darasin ajiyar iri.

Ya ce, "...a rufe bakin tulun da laka, kada iska ta shiga. To, a nan za mu tsaya. Babbar ɗaliba, yau kin gane?"

Na ji kaina na ce, "Na gane, amma kafin gobe na manta."

Ya yi dariya, irin dariyarsa da ke ƙarewa da tari. Sai zakara ya yi cara. Ya ce, "Kai! Wa ya buɗe zakaran nan?" Kaset ya ƙare.

Abin da ya rage mini ke nan daga akwati guda. Na sa aka maimaita har baturan suka mutu. Dattijuwar ba ta jira na roƙa ba. Ta zare takardar daga ramin da tsinke, ta jefa a wuta, ta ɗaure mini kaset ɗin a gefen mayafi. Ta ce, "In sun tambaya, za mu ce saniya ta taka."

Kwamfutar da aka ce har abada, ba ta yi wasu shekaru ba ta mutu. Madam ta gaya mini kafin su koma garinsu. Zafi ya lalata faya-fayan da aka adana rubutun a ciki, aka kawo wata sabuwa da ba ta karɓar irinsu. Shugaban kuwa an ƙara masa girma ya tafi. Ban yafe masa ba. An yi mini wa'azi a kai, na ji, ban yafe ba.

Kaset ɗin yana cikin kwalla a ɗakina, a naɗe da hular Malam. Na yi shekaru ina aron rikoda ina saurare, har ranar da wata ta kama zaren ta tauna. Na zaro shi a hankali, na naɗe da tsinken tsintsiya. Tun ranar ban sake sa shi a bakin wani inji ba.

Ga 'yata nan ta ajiye rubutu tana roƙona. Wai in ba ta shi, akwai na'urar da za ta kwashe muryar ta zuba a kwamfuta, in riƙa ji a waya duk lokacin da na so, ba zai taɓa ɓata ba. Na gaya mata an taɓa faɗa mini haka daga zaure. Ta ce na yanzu daban ne. Shi ma wancan cewa ya yi nasa daban ne. Ta ce to me amfanin kaset ɗin da ba a ji? Ina ji. Na san inda yake numfasawa, na san inda tarin yake farawa. Ranar da aka fitar da ni daga gidan nan, ku buɗe kwallar ku yi abin da kuka ga dama. Kafin nan ba mai taɓa shi.